Littafin Shan Wahala: Takardun da 'Yan Kweka Suka Adana Tun Shekara ta 1673

A birnin Landan, a bakin titin Euston, daura da babbar tashar jirgin ƙasa, akwai wani gini da ake kira Gidan Abokai. Shi ne hedkwatar wata ɗarikar Kirista a ƙasar Birtaniya. Su suna kiran kansu Abokai, amma sunan da duniya ta fi saninsu da shi shi ne Quaker, wanda ake furtawa Kweka. A cikin ginin akwai ɗakin karatu mai littattafai da ƙasidu fiye da 80,000, ban da tarin wasiƙu da kundayen da aka rubuta da hannu.

Ba wani attajiri ne ya kafa wannan ɗakin karatu ba. A shekara ta 1673 ne wani kwamitin shugabanninsu, wanda yake zama kowace Litinin da safe, ya yanke shawara mai sassa biyu. Duk littafin da ɗan'uwa ya rubuta, a ajiye guda biyu. Duk littafin da wani ya rubuta yana zaginsu ko yana ƙaryata koyarwarsu, shi ma a nemo guda ɗaya a ajiye. Sashe na biyun nan ne ya fara jan hankalinmu. Mutum nawa ne a cikinmu zai sayi takardar da aka zage shi a ciki, ya sa ta a akwati tare da takardar gonarsa? Su dai sun yi haka domin su iya ba da amsa dalla-dalla, ga shi kuma shawarar ta wanzu har yau.

Muna so mu bi wasu daga cikin takardun nan tare da ku, domin yawancinsu ba don tarihi aka fara rubuta su ba. An rubuta su ne domin a san wa ke kurkuku, wa aka ƙwace wa saniya, 'ya'yan wa suka kwana da yunwa.

Su wane ne 'yan Kweka?

Ɗarikar ta taso ne a Ingila bayan yaƙin basasar ƙasar, lokacin da mutane da yawa suka gaji da rigingimun addini. Babban mai wa'azinsu shi ne George Fox, ɗan wani masaƙi, wanda aka haifa a 1624, ya rasu a 1691. Koyarwarsa ita ce Almasihu da kansa yana koya wa mutanensa a cikin zuciya, mace ko namiji, mai ilimi ko marar ilimi. A 1650 aka gurfanar da shi gaban alƙali a garin Derby. Fox ya gaya wa alƙalin ya yi rawar jiki a gaban maganar Allah, sai alƙalin ya yi musu laƙabi da masu rawar jiki. Ma'anar Kweka ke nan. Sunan ba'a ne ya bi su.

Sujadarsu ta bambanta da tamu ƙwarai. Sukan zauna shiru, ba waƙa, ba fasto, sai wanda ya ji an ba shi magana ya tashi ya faɗa. Ba sa yin baftisma da ruwa, ba sa cin Jibin Ubangiji da gurasa, suna cewa ainihin waɗannan abubuwa na ruhu ne. A nan ikilisiyoyinmu ba su tafi tare da su ba, ba kuwa muhawarar da muka zo yi ke nan ba. Ya kamata dai mu ambata cewa yau ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan Kweka ita ce Kenya, inda 'yan mishan daga Amurka suka fara aiki a Kaimosi a 1902, kuma yawancin na can suna da fastoci, suna raira waƙoƙi kamar kowa.

Abubuwan da suka haɗa su da hukuma a Ingila kaɗan ne, amma masu tsada. Sun ƙi yin rantsuwa a kotu saboda koyarwar Yesu a Matiyu sura 5. Sun ƙi tuɓe wa manya hula. Sun ƙi daina taruwa don sujada ko da doka ta hana. Sun kuma ƙi biyan zakka, wadda a wancan zamani ba baiko na son rai ba ce: doka ce ta tilasta wa kowane manomi ya ba firist na ikilisiyar gwamnati kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa, ko yana zuwa majami'ar ko ba ya zuwa.

Akwatin Margaret Fell

Tsofaffin takardun da ɗakin karatun yake taƙama da su sun fito ne daga gidan wata mace. A 1652 Fox ya sauka a wani babban gida mai suna Swarthmoor, kusa da garin Ulverston a arewa maso yammacin Ingila. Uwargidan, Margaret Fell, ta karɓi wa'azinsa. Mijinta alƙali ne, bai taɓa shiga ɗarikar ba har ya rasu a 1658, amma ya bar su suna taruwa a gidansa, hakan kuwa ya zama musu inuwa.

Gidan ya koma kamar gidan waya. Masu wa'azi da suka bazu cikin ƙasa, har da waɗanda suka ƙetare teku, suna aiko wa Margaret labari, ita kuma tana sa a kwafi wasiƙun a aika wa wasu, ta adana na asali. Tun 1654 ta sa aka buɗe asusu a garin Kendal don taimakon matafiya da 'yan kurkuku. Mutum biyu, George Taylor da Thomas Willan, su ne ma'aji, suna aiko mata da lissafi. Lissafin yana nan har yau, kuma duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin zumuntar mata zai gane shi nan take: kuɗin takalmi ga wane, kuɗin wando ga wane, kaza an aika wa waɗanda ke tsare a gari kaza.

Margaret da kanta ta sha ɗauri na shekaru a kurkukun Lancaster. Ta auri Fox a 1669, ta rasu a 1702. Da aka sayar da gidan a 1759, takardun suka rarrabu a hannun dangi da abokai. Sannu a hankali aka dawo da mafi yawansu wuri ɗaya, wasiƙu kimanin 1,400.

Babban Littafin Shan Wahala

Idan aka ce mu zaɓi abu ɗaya a cikin ɗakin nan, wannan za mu zaɓa. Manyan kundaye ne guda 44, duk rubutun hannu, suna ɗauke da labarin tsanani daga shekarun 1650 har zuwa 1856.

Tun 1657 Fox ya rubuta wa jama'arsa cewa kada wahalar kowa ta wuce ba a rubuta ba. Kowace ikilisiya ta naɗa mai rubutu. Idan aka kama ɗan'uwa, a rubuta sunansa, da garinsu, da ranar, da laifin da aka ce ya yi, da sunan wanda ya kai ƙara, da alƙalin da ya yanke hukunci. Idan kaya aka ƙwace, a faɗi abin da ake binsa, a faɗi abin da aka ɗauka, a kuma kimanta kuɗinsa. Sai a aika Landan, inda wani magatakarda mai suna Ellis Hookes yake kwafewa gunduma gunduma. Kundi biyu na farko aikinsa ne. Ya riƙe aikin har rasuwarsa a 1681.

Ba a cika samun dogon kuka a shafukan ba. Lissafi ne kawai yake bin lissafi. Za ka ga ana bin mutum zakkar 'yan sulalla, an kora masa shanu da kuɗinsu ya ninka bashin sau da yawa. Za ka ga an kwashe tukwane da kwanoni, da gado, da kayan sana'a, da hatsi tun yana gona. Dokar 1670 ta ƙara dagula al'amari. Ta sa tarar sule 5 a kan wanda ya halarci taron sujada da ba na ikilisiyar gwamnati ba, fam 20 a kan mai wa'azi, fam 20 kuma a kan mai gidan da aka taru. Kashi ɗaya cikin uku na tarar na wanda ya kai tsegumi ne. Nan da nan tsegumi ya zama sana'a, maƙwabci yana laɓe yana ƙirga masu shiga gidan maƙwabcinsa.

Yawan mutanen ma abin tsoro ne. A farkon 1661, bayan wani bore da wata ƙungiya dabam ta tayar a Landan, an tsare 'yan Kweka fiye da 4,000 cikin 'yan makonni, ko da yake ba su da hannu a ciki. A lokacin ne suka miƙa wa Sarki Charles na Biyu sanarwar cewa su ba sa ɗaukar makami don kowane dalili. Masana tarihi da suka bi kundayen nan sun kimanta cewa wajen mutum 450 ne suka mutu a kurkuku kafin dokar sassauci ta 1689. A garin Bristol a 1682, da aka tsare kusan dukan manya, yara ne suka ci gaba da taron sujada, ana dukansu suna komawa.

To, mece ce amfanin rubutawa? A nan ne mu masu aikin taimako muka ga kanmu. Mun san cewa idan ambaliya ta ci gari, abu na farko da ake nema kafin buhu ɗaya ya sauka daga mota shi ne sunayen gidaje. Wanda ba a rubuta ba, sau da yawa shi ake tsallakewa. Haka yake a wurinsu. Da takardar ce ake sanin gidan da za a kai wa abinci, da gonar da za a taru a nome wa mai ita yana ɗaure, da marayan da za a sa koyon sana'a. A 1659 ma mutum 164 suka je majalisar dokoki suka ce a ɗaure su a madadin 'yan'uwansu da ke ciwo a kurkuku, mutum ɗaya a maimakon mutum ɗaya. Majalisa ta ƙi.

Amfani na biyu shi ne kai kuka inda za a ji. A 1675 suka kafa wani kwamiti a Landan mai suna Taron Shan Wahala, yana zama kowane mako, yana da wakili a kowace gunduma. Aikinsa shi ne ya duba rahotannin, ya tabbatar da gaskiyarsu, ya nemi shawarar lauyoyi, ya kuma kai wa alƙalai da 'yan majalisa. Sun san cewa idan aka kama su da ƙari ko sau ɗaya, maƙiyansu za su yi watsi da sauran duka, shi ya sa suke mayar da rahoton da bai cika ba a gyara shi. Kwamitin ya riƙe wannan suna fiye da shekara 300, har bayan da ya zama majalisar da ke tafiyar da harkokin ɗarikar gaba ɗaya.

Akwai wata takarda a ɗakin karatun da take nuna abin da jerin sunaye yake iya yi. A 1672 wani shugabansu, George Whitehead, ya roƙi Sarki Charles na Biyu ya yi wa 'yan kurkuku afuwa. Sarki ya yarda, amma afuwa sai da suna. Aka tattara sunaye daga gidajen yari na ƙasar, aka rubuta takarda ɗaya a kan fatu 11, mai ɗauke da mutum 491. Whitehead da abokansa suka hau dawakai suna kai ta gari gari ana buɗe ƙofofi. Ba 'yan Kweka kaɗai ke ciki ba. Whitehead ya ba wasu masu bi da ba na ɗarikarsu ba shawarar su nemi a sa sunayensu, cikinsu har da John Bunyan, mai wa'azin nan na garin Bedford da ya rubuta sanannen littafi a kan tafiyar mai bi zuwa birnin sama. Bunyan kuwa ya taɓa buga littattafai yana sukar 'yan Kweka da zafi. Haka kuma a 1685 suka miƙa wa sabon sarki, James na Biyu, lissafin mutanensu kimanin 1,400 da ke tsare, a shekara mai biyowa aka saki mafi yawansu.

Daga baya wani mai suna Joseph Besse ya tace kundayen ya buga su cikin manyan littattafai biyu a 1753. Ta wurinsa ne yawancin mutane suka san labarin.

Aure, haihuwa da mutuwa

Tun da ba su da firist, wa zai ɗaura musu aure? Ango da amarya ne suke tashi a gaban jama'a su yi alkawari, sa'an nan waɗanda suke wurin su sa hannu a takarda a matsayin shaidu. Maƙiyansu suka ce wannan zaman dadiro ne, 'ya'yan kuma ba su da gado. A 1661 magana ta kai kotu a Nottingham, inda wani dangin mamaci ya nemi ya karɓe gadon yaro a kan cewa auren iyayensa ba aure ba ne. Kotu ta tabbatar da auren, yaro ya ci gadonsa. Daga nan suka ƙara tsananta wa kansu: a sanar da aure a gaban taro tun da wuri, a bincika ko akwai wani alkawari a baya, a nemi yardar iyaye, a rubuta kome. Da majalisa ta yi sabuwar dokar aure a 1753, wadda ta ce sai a majami'ar gwamnati za a ɗaura aure, 'yan Kweka da Yahudawa suna cikin waɗanda aka keɓe.

Haka suka riƙa rubuta haihuwa da jana'iza. Wajen 1840 gwamnati ta karɓi rajistocin nan domin su zama shaida a kotu, yanzu suna ma'ajiyar takardun ƙasa a Kew. Kafin su miƙa, sai da suka zauna suka kwafe abin da ke ciki bi da bi, suka bar kwafi ɗaya a Landan, ɗaya a gunduma.

Mai karanta takardun nan yakan yi tuntuɓe da kwanan wata. Sun ƙi amfani da sunayen ranaku da watanni na Turanci, domin da yawa sunayen gumaka ne. Sai su ce Rana ta Fari, Rana ta Biyu, Wata na Uku. Mu wannan ba baƙo ba ne a kunnenmu, gama Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis daga ƙirgen Larabci suka fito, ɗaya zuwa biyar. Tarkon yana wani wuri. Kafin 1752, Maris ne watan fari a Ingila da ƙasashen da take mulka. Saboda haka wata na biyu a tsohuwar takarda Afrilu ne, ba Fabrairu ba.

Abin da ya ɓata da abin da aka cire

Kada mu sa ku zaci kome ya tsira. Gobarar Landan ta 1666 ta cinye babban wurin taronsu na farko. A 1821 wata gobara ta ci ɗakin sujadarsu na titin Gracechurch tare da takardu masu yawa. Littafin cefanen gidan Swarthmoor, wanda Sarah 'yar Margaret ta rubuta daga 1673 zuwa 1678, a shagon wani mai kayan masarufi aka tsamo shi a Lancaster, ana yagar shafukansa kamar takardar banza. An buga abin da ya rage a 1920.

Wani abin kuma da gangan aka cire shi. Fox ba gwanin rubutu ba ne, shifta labarin rayuwarsa ya yi wa Thomas Lower, mijin ɗaya daga cikin 'ya'yan Margaret, wajen 1675. Bayan rasuwarsa aka ba Thomas Ellwood aikin gyarawa, aka buga a 1694. Lokacin an sami sassauci, shugabanni ba sa son abin da zai sa a sake ce musu mahaukata, sai aka sassauta wasu kalamai, aka bar wasu labarai. Da yake rubutun asali yana nan, an buga shi yadda yake a 1911, kowa yana iya gwada biyun. Akwai kuma wani littafi na warkarwa da Fox ya bar wasiyya a buga, ba a buga ba, ya kuma ɓace. Amma wani magatakarda ya riga ya yi jerin takardun Fox, yana rubuta kalmomin farko da na ƙarshe na kowane labari. Daga wannan jeri ne wani malami Ba'amurke, Henry Cadbury, ya gano labarai fiye da 150, ya buga abin da ya iya haɗawa a 1948.

Takardar da take tuhumarsu

Yanzu sai mu ƙetare teku zuwa Amurka, inda William Penn ya kafa yankin Pennsylvania a 1681, 'yan Kweka da yawa suka yi ƙaura can. Takardunsu suna ajiye a manyan makarantu biyu kusa da Filadelfiya, wato Haverford da Swarthmore. Duniya tana yabon 'yan Kweka a kan yaƙi da bauta, yabon kuma yana da tushe. A 1783 mutanensu 273 suka sa hannu a takardar koke zuwa majalisar Birtaniya a kan cinikin bayi. Cikin mutum 12 da suka kafa ƙungiyar hana cinikin a 1787, tara 'yan Kweka ne. Amma takardunsu sun nuna cewa kafin a kai nan, an yi kusan shekara 100 ana jan ƙafa.

A Haverford akwai falle ɗaya, an rubuta gaba da baya, mai kwanan wata 18 ga wata na biyu, 1688, wato Afrilu. Mutum huɗu ne suka sa hannu, baƙi ne daga Jamus da suka zauna a ƙauyen Germantown. Jagoransu Francis Daniel Pastorius ne, sauran su ne Garret Hendericks da 'yan'uwa biyu, Derick da Abraham op den Graeff. Sun tarar da 'yan'uwansu masu bi suna sayen mutanen da aka kwaso daga Afirka, abin ya tsaya musu a rai. Hujjarsu mai sauƙi ce. Suka tuna wa jama'a irin tsoron da matafiya suke ji a teku kada 'yan fashi su kama su su sayar, suka tambaya ko akwai wanda zai so a yi masa haka. Suka ce baƙar fata ba dalili ba ce. Suka ce raba miji da mata don ciniki tura mutane cikin zina ne, sayen wanda aka sato kuma sayen kayan sata ne. Har suka tambaya, idan bayin nan suka tashi neman 'yancinsu, masu cewa ba sa yaƙi za su ɗauki takobi ne?

Tsarin ɗarikar ya yi kama da namu na majalisar ikilisiya, da ta gunduma, da babbar majalisa. Aka kai takardar taron wata-wata. Suka ce maganar ta fi ƙarfinsu, suka rubuta haka a jikin takardar, suka tura gaba. Taron bayan wata uku a Filadelfiya shi ma ya rubuta nasa, ya tura gaba. Taron shekara ya zauna a Burlington, ya ce bai dace ya yanke hukunci ba tun da batun ya shafi wurare da yawa. Shi ke nan. Wanda ya taɓa zama a majalisa ya san irin wannan amsa. Manyan masu faɗa a ji a taron suna da bayi, Penn da kansa yana da su a gidan gonarsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Mutanen da suka lissafta kowace tukunya da aka ƙwace musu a Ingila sun kasa ganin abin da suke yi wa wasu.

Abin da ba su yi ba shi ne yaga takardar. An ajiye ta, an manta da ita, sai a 1844 wani ya gano ta aka buga, masu yaƙi da bauta suka yi ta amfani da ita. Ta sake ɓacewa cikin tarin takardu, sai a watan Maris 2005 aka same ta a ɗakin ajiya na ɗakin sujadarsu da ke titin Arch a Filadelfiya. Ta yayyage, an lilliƙe ta da salatif, tawada ta dushe. Ƙwararru suka cire salatif ɗin, suka gyara ta.

Littattafan rahoton taro sun nuna sauran tafiyar. Benjamin Lay, wani gajeren mutum mai doro da ya ga azabar bayi a tsibirin Barbados, ya addabi taro har aka kore shi a 1738. John Woolman, tela kuma mai rubuta wa mutane wasiyya, ya bi gida gida yana lallashin masu bayi. Sai a 1776 taron shekara na Filadelfiya ya ce wanda ya ƙi 'yanta bawansa a fitar da shi daga zumunci. Takardun 'yantarwa na lokacin suna Haverford, da sunayen mutanen da aka 'yanta, sau da yawa suna ɗaya tak ba na uba. A 2017 ikilisiyar Abington ta rubuta a littafinta cewa ta karɓi Lay a matsayin ɗan'uwa na gaskiya, shekara 279 bayan korarsa. A 2021 kuma aka cire sunan Penn daga wani ɗakin taro a Gidan Abokai na Landan, daga baya aka sa na Lay.

Daga Ireland zuwa Najeriya

Da tsanani ya wuce, wannan hali na tambaya da rubutawa ya koma kan wahalar waɗansu. A yunwar Ireland, lokacin da cuta ta kashe dankali, 'yan Kweka a ƙasar ba su wuce 3,000 ba. Suka kafa kwamitin agaji a Dublin a 1846. Duk mai neman taimako don yankinsa sai ya cika takardar tambayoyi a kan yawan mabukata da halin da suke ciki, ba a kuma sa sharaɗin addini ba, alhali yawancin masu yunwar Katolika ne. Kuɗi da kaya na kusan fam 200,000 suka bi ta hannunsu, mafi yawa daga Amurka. Sun raba manyan tukwanen dafa miya da irin shuka. A rahoton da suka buga a 1852 sun faɗa a fili cewa agajinsu bai taɓa tushen matsalar ba, wato dokokin mallakar ƙasa. Rahoton aikin taimako da yake faɗin kasawarsa ba shi da yawa, har a zamaninmu.

A Landan akwai takardun agajin da suka kai wa manoman Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, inda suka fara sa alamar tauraro ja da baƙi, da na yunwar Rasha ta 1921. A Jamus bayan yaƙin duniya na fari, abincin da 'yan Kweka suka shirya ya kai ga yara wajen miliyan ɗaya a rana. A 1947 aka ba ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ta Landan da ta Filadelfiya, kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Sunan Najeriya ma yana cikin akwatunan. 'Yan Kweka, da Menonayit, da Ikilisiyar 'Yan'uwa wadda 'yan mishanta suka fara aiki a Garkida a 1923, su uku ake kira ikilisiyoyin salama na tarihi. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, 'yan Kweka uku, Adam Curle, John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai da kawowa tsakanin Janar Yakubu Gowon a Legas da Odumegwu Ojukwu a ɓangaren Biyafara, suna ɗaukar saƙo a asirce. Ba su ne suka tsayar da yaƙin ba, ba su kuwa ce su ne ba, amma ɓangarorin biyu sun ci gaba da karɓarsu har ƙarshe. A lokaci guda ma'aikatan agajinsu suna aiki a ɓangarorin biyu, a gabas tare da Menonayit. Saboda amanar da aka ba su, ba su yi magana a jarida ba, sai dai bayan kowace tafiya sukan rubuta abin da aka faɗa su aika ofis. Daga waɗannan rahotanni ne wani abokin aikinsu, Mike Yarrow, ya rubuta labarin a 1978. Takardun ƙungiyar agajin suna ma'ajiyarta a Filadelfiya, na Curle kuma suna ɗakin karatu na Jami'ar Bradford a Ingila, inda ya zama farfesa na farko a fannin nazarin zaman lafiya a 1973.